Kada Ki Sake Zana Malam Leƙau

Kazaure, Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan motarku ta sauke ki Kano lafiya, kin tarar da gwaggonki da mutanen gidanta cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya tsare ki daga mugun ji da mugun gani, ya sa ƙafar da kika fita da ita ta alheri ce. Amin.

Labarin gida ki nema wurin Innarki, ita ce gidan rediyonmu. Ni magana ɗaya ta sa na ɗauki biro, kuma na zaɓi takarda ne domin idan a waya ne za ki katse ni da "haba Baba", ni kuma in sami hanyar zamewa. Kin san halin ubanki: shekara talatin yana kasuwa, ba a taɓa kama shi a lungun da ba shi da ƙofar baya ba. Yau na toshe ƙofar da hannuna.

Ranar da za ki tafi kin nuna mini zane a wayarki. Kin ce masu buga littattafan ban dariya da suka ɗauke ki aiki sun nemi ki zo musu da mutuminki na kanki, wanda za a riƙa yin labarai a kansa. Kin ce kin tono tsofaffin littattafaina a ƙasan adaka, kin ga Malam Leƙau, kin sabunta shi, kuma shi za ki kai musu a ƙarshen watan nan. Na yi dariya na ce ya yi kyau. Dariyar ɗan kasuwa ba shaida ba ce, Uwani. Roƙona shi ne kada ki kai musu shi. Kada ki sake zana wannan fuskar, ko a bayan ambulan. Ga dalili, kuma ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci.

Kafin a haife ki, ni mai shimfiɗa littattafai ne a kasuwannin ƙauye. Ranar kasuwar Babura ina can, ranar ta Gwiwa ina can, haka Roni, haka 'Yankwashi, da kwali biyu a bayan tsohon mashin. Ina da littattafan soyayya, da na addu'o'i, da kalanda, wasu na sayarwa wasu na haya. Na lura da wani abu: mutum goma za su tsugunna gaban shimfiɗata, bakwai ba sa karanta boko, amma duk wanda ke da hoto a bango shi suke fara ɗauka. Mutanen Nijar da ke shigowa Babura da sefarsu ma haka. Sai na ce a raina, to me zai hana a yi littafin da hoto ne zai yi maganar, rubutu ya zama ɗan rakiya?

Akwai wani abokina a nan Kazaure, Sale Fenta, mai rubuta allon shaguna da zanen bayan manyan motoci. Hannunsa baiwa ce. Idan ya zana zaki a bayan tirela, akuya ba ta bi ta wurin. Na kai masa maganar, ya ce shi zai iya zana komai amma ba ya iya ƙago fuska daga iska, sai ya ga mai ita. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, fuskoki kyauta suke a kasuwa.

Na ɗauke shi a mashin muka tafi Gwiwa. A gindin wata tsamiya, can gefen 'yan ƙwarya, akwai wani gyartai, wato mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya, ana ce masa Malam Jibo. Dogo ne siriri, wuyansa kamar na zalɓe, maƙogwaro ya fito, hularsa kullum a karkace. Ba ya magana sai dole. Yana da wata ɗabi'a ta sana'arsa: idan aka kawo masa ƙwarya, sai ya ɗaga ta saitin rana ya cusa fuskarsa duka a ciki, don ya ga inda haske ke shigowa, nan ne tsagar take. Aikin hankali ne. Amma idan ka tsaya daga nesa, abin da za ka gani shi ne dogon mutum da ƙwarya a madadin kai.

Na taɓa Sale na ce, "Ga mutuminmu."

Sale ya ce, "Mu je mu gaishe shi, mu gaya masa."

Na ce, "Kai ma dai. Wanda zai sayi kaza yana tambayarta ne? In ka tambaya ka tsadar da kaya."

Muka zauna a rumfar mai shayi, Sale ya zana shi a bayan kwalin siga, ba tare da mutumin ya sani ba. Ni na raɗa masa suna Malam Leƙau, mutumin da ba ya wuce rami ko tulu ko bakin raƙumi sai ya leƙa.

Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ɗauki fuskar mutum kamar yadda ake tsintar ƙirgi a hanya. Ke yanzu sana'arki kallon mutane ce, za ki riƙa ganin hanci da tafiya da haƙora masu ban dariya a motar haya da layin asibiti. Ki tuna kowace fuska akwai gidan da take komawa da yamma, akwai masu ce mata Baba. Idan kina so, ki yi sallama ki tambaya. Idan kina jin kunyar tambayar, to kunyar ce amsarki.

Muka kai Kano aka buga. Shafi goma sha shida ne, baƙar tawada, bango mai launi biyu. A ciki Malam Leƙau ya leƙa tulu, kansa ya maƙale, ya ratsa kasuwa da tulu a ka yana gaida jakuna da "ranka ya daɗe". Uwani, ban taɓa ganin kaya ya tashi irin wannan ba. Tsofaffi masu gemu suna riƙe ciki. Mata suna aiko a karɓo musu. A Babura wani Buzu ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Kuma ba a yi kasuwa biyu ba aka gane ko wane ne, domin hannun Sale bai iya ƙarya ba.

Sunan ya bi shi. Da ya ɗaga ƙwarya saitin rana sai ka ji daga rumfuna, "Leƙau, me ka gano?" Matan da ke kawo masa ɗinki suka fara jin nauyin tsayawa gabansa, don kada a haɗa da su. Dama robobi sun fara cinye sana'ar ƙwarya, mu kuma muka ƙarasa ta.

Wata ranar kasuwar Gwiwa, rana tsaka, lokacin da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa, na ɗaga kai na gan shi tsaye a kaina. Ban ji zuwansa ba. Na gyara zama, na shirya bakina, domin na ɗauka faɗa ya kawo, ni kuwa faɗa abincina ne.

Ya yi sallama. Ya tsugunna ya ɗauki littafin, ya buɗe shi shafi-shafi da yatsun nan nasa masu kanta. Bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba. Da ya gama ya ce, "Ɗana, wannan ni ne?"

Na ce, "Haba Baba, ai mutane suna kama. Wannan wani ne daga can gabas."

Ya ce, "To." Sai ya ƙara da cewa, "Ai na ga har ɗinkin da ke kafaɗar rigata."

Na ce, "Baba, raha ce kawai. Ai suna ne muka yi maka. Yanzu har Nijar an san ka."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye littafin daidai inda ya ɗauke shi, ya tafi.

Kuskure na biyu ke nan. Allah ya kawo mini mutumin har shimfiɗata, a lokacin da kalma uku za su kashe wutar: ka yafe mini. Na zaɓi wayo. Idan wanda kika ɓata wa ya zo miki da sanyin murya, kada ki ɗauka kin tsira. Mai ihu ya riga ya zubar da rabin abin da ke cikinsa. Mai cewa "to" shi ne ya tafi da kayansa cif.

Kasuwar da ta biyo baya, ina cikin ciniki na ji ihu da tafi daga wajen 'yan tukwane. Na miƙe. Malam Jibo ne, da tulu a kansa, yana ratsa kasuwa a hankali, hannuwa a gaba. Ya tsaya gaban wani jaki ya rusuna. Mutane kamar su mutu. Aka riƙa jefa masa abin da aka jefa, wani ƙosai, wani goro. Da ya cire tulun, fuskarsa tana nan yadda take, babu fara'a babu fushi, kamar wanda ya idar da aikin da aka sa shi.

Ni kuwa murna na yi. Na ce wa Sale, "Ka ga talla kyauta." Muka fitar da na biyu: Leƙau ya leƙa bakin raƙumi, raƙumin ya cinye masa hula. Ranar kasuwar Babura sai ga Malam Jibo, wanda ban taɓa gani a Babura ba, ya zo a ƙafa, ya nufi kara wurin raƙuma. Ya yi abin da ke cikin littafin. Ya koma gida ba hula.

Daga nan ya mayar da shi al'ada. Duk ranar kasuwar Gwiwa, daidai wannan lokacin na rana tsaka, sai in ga inuwa ta faɗo kan littattafaina.

"Ɗana, a na gaba me zan yi?"

Haka yake tambaya, kamar lebura yana tambayar mai gona. Ni kuma in ce, "Baba, ka jira ya fito." Ya ce, "To."

Abin da ya karya Sale shi ne na huɗu. Ya zana shi a shagonsa, a nan Kazaure, ya sa a aljihun tebur ya kulle. Ba mu kai Kano ba tukuna. A ciki Leƙau ya hau jaki yana fuskantar wutsiya, wai yana leƙen inda hanya ke tafiya bayan an wuce ta. Muna hanyar Roni ni da Sale a mashin, wajen duwatsun nan, ba gari ba kasuwa, ba kowa da zai yi dariya ko ya jefa goro, sai muka hango jaki yana tafe shi kaɗai a gefen hanya. Malam Jibo a kai, ya juya baya, ya sunkuya yana kallon ƙasa. Muka wuce shi. Da yake baya yake fuskanta, sai da muka zo daf muka haɗa ido. Ya ɗaga mana hannu.

Sale ya ce, "Tsaya." Na tsaya. Ya sauka ya yi amai a gindin dutse.

Ya ce, "Ka gaya masa ne?"

Na ce ban gaya masa ba. Har yau ina juya wannan a raina. Ni mutum ne mai baki, mai yiwuwa na yi wa wani mai shayi alfahari da abin da ke tafe, magana ta zaga ta kai masa. Mai yiwuwa. Na fi shekara ashirin ina neman ranar da na faɗa, ban tuna ta ba.

Sale ya ce, "Ɗanjuma, na daina. Jiya na zauna in tuna fuskar mutumin nan ta gaskiya, na kasa, sai ta tawada ke zuwar mini. Yanzu da na gan shi, wallahi wuyansa ya ƙara tsawo. Yadda na zana shi ya koma."

Na ce, "Yunwa ce, ka san ba ya samun ɗinki."

Ya ce, "To wa ya hana shi ɗinkin?"

Ya je wurin wani malaminsu, ban san abin da suka tattauna ba. Ya dawo ya ce daga ranar ba zai ƙara zana mai rai ba, ko ƙadangare. Har ya rasu furanni da rubutu kawai yake yi a bayan motoci, Allah ya ji ƙansa. Ya miƙo mini zanen na huɗu ya ce in ƙona. Na kai Kano aka buga.

Ga kuskure na uku. Abokin aikina ya ji tsoro, na mayar da tsoronsa ragwanci. Uwani, za ki yi aiki da mutane, wata rana wani a cikinsu zai ajiye alƙalami ya ce shi wannan bai kwanta masa ba. Kada ki yi masa dariya, kuma kada ki yi saurin ɗaukar alƙalamin da ya ajiye don a ce ke ce jaruma. Ki tambaye shi me ya gani.

Ni na ɗauki alƙalamin. Mutane suna tambayar na biyar, na ce ai ba wani abu ba ne, ni ma na yi firamare har da 'yar sakandare. Na samo gilashin taga, na riƙa ɗora tsofaffin zanen Sale a ƙasa, farar takarda a sama, ina bin layi. Jiki ya yiwu, ƙafafu suka yiwu, riga ta yiwu. Fuskar ce ta ƙi. Duk wadda na bi sai ta fito kamar ta gawa. Na ɓata takarda ta fi talatin.

Sai dabarar kasuwa ta zo mini: in kaya yana da aibi, juya aibin ƙasa. Na ce bari in yi labarin da ba a ganin fuska. Shafin farko, Leƙau daga baya, ya tarar da masaki, ƙatuwar ƙwaryar nan da ake tara hatsi. Ya leƙa. Kai ya shige. Shafi na gaba kafaɗu sun shige. Sai ƙugu. Sai ƙafafu biyu suna harbin iska. Shafin ƙarshe ya fi kowanne sauƙi, shi ya sa na so shi: masaki a kife, takalma biyu a gefe, babu mutum. Na rubuta a ƙasa, "Leƙau ya gano." Na yi wa kaina kirari, na ce Sale ya sha zamansa.

Ranar da na shimfiɗa shi a Gwiwa, ya zo a lokacinsa. Na miƙa masa da kaina. Ya buɗe a hankali. Da ya kai shafin ƙarshe ya daɗe yana kallo, har na fara jin ƙarar ƙudaje. Ya juya bangon baya, ya ga ba komai. Ya sake dawowa.

"Daga nan fa?"

Na ce, "Shi ke nan, Baba. Nan ya ƙare."

"Babu na gaba?"

Na ce, "Sai mun gani." Gaskiya kuwa ba ni da na gaba, don na san ba zan iya sake fito da fuskar ba.

Ya ce, "To, madalla." A karon farko na ga wani abu kamar murmushi a bakinsa. "Dama na gaji."

Kasuwa ta zagayo. Ina isa na ga taro a gindin tsamiya. Masaki ne a kife a daidai inda yake zama, babba, wanda aka ɗinke tsagarsa da ɗinki mai kyau ƙwarai, irin wanda ya daɗe bai samu ya yi ba. Takalmansa na taya a gefe, a jere. Jakar basillarsa tana rataye a reshe. Mutane suna ta dariya, suna cewa yau Leƙau ya ƙure wasa. Wasu na cewa yana ciki ya naɗe, wasu na cewa ya ɓuya bayan rumfa zai fito. Ana ƙwanƙwasa masakin ana cewa, "Leƙau, me ka gano?"

Aka yi azahar, bai fito ba. Dariya ta fara raguwa. Kin san yadda kasuwa take, ba ta shiru, amma wannan gefen ya yi shiru. Aka yi la'asar. Babu wanda ya yarda ya ɗaga. Wani dattijo mai sayar da igiya ya dube ni ya ce, "Mai littafi, kai ka kife shi. Zo ka buɗe."

Na je. Na yi bisimilla na ɗaga.

Ƙasa ce kawai, a share tas. Ko sawun tururuwa babu.

Ba a sake ganin Malam Jibo ba. Aka duba rijiyoyi, aka duba kududdufai, aka aika ƙauyuka. Wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a hayin iyaka yana tafiya ba takalmi. Wani ya ce ya bi masu tafiya gabas a ƙafa. Mai hankali zai ce mutum ne ya gaji da wulaƙanci, ya ga ƙofa a shafin ƙarshe, ya bi ta. Ni ma haka nake faɗa wa kaina, kuma ban ga ta inda wannan ya fi ɗaya bayanin sauƙi ba. Ko ta wace hanya ya tafi, ni na zana ta, kuma na zana ta ne don kawai ban iya fuska ba.

Darasin nan ki riƙe shi da kyau, domin na masu sana'arki ne. Kada ki yanke wa labari ƙarshe saboda shi ya fi sauƙin zanawa. Gajiyarki da gazawarki ki biya su da kanki, kada ki ɗora wa wanda ke cikin shafin. Kuma idan kin ga mutum ya fara taya ki yi wa kansa dariya, kada ki ce ai ga shi ma yana so. Wani ba so yake ba, hanya ɗaya ce ta rage masa da za a kula shi.

Saura ɗaya, shi ne mafi muni, domin babu aljani a cikinsa, ni ne kawai. Bayan sati biyu wata mata ta zo shimfiɗata a Gwiwa, da lulluɓi, ta durƙusa nesa kaɗan. Ta ce ita ce iyalin Malam Jibo. Ta ce, "Malam, an ce kullum yana zuwa wurinka. Bai gaya maka inda za shi ba? Ko wata magana da ya bari?"

Ya bar magana. Ya ce dama ya gaji. Hakkinta ne ta ji. Na dube ta na ce, "Wallahi Hajiya, gaisuwa ce kawai tsakaninmu."

Ta ce, "To, Allah ya saka da alheri." Ta tashi.

Na kwashe sauran littattafan na zuba a adaka, na koma sayar da kayan masarufi, na ce wa Innarki littafi ba riba. Ita ma sai ta karanta wannan takardar za ta sani, don na ce ta karanta kafin in liƙe.

Yanzu ki ji abin da ya faru bayan tafiyarki. Malam Jibo ya bar ɗa namiji, Haruna, yanzu magidanci ne, tela ne a Roni. Na daɗe da sanin haka. Shekara da shekaru idan na shiga Roni sai in zaga ta bayan masallaci don kada in bi ta gaban shagonsa, domin fuskar ubansa ce a wuyansa, har maƙogwaron. Wanda duk ya ga zanen da ke wayarki, ya ga Haruna tela. Namu littafin a kwali yake yawo, iyakarsa kasuwa huɗu, ya yi abin da ya yi. Naki a waya zai yi yawo.

Shekaranjiya na tafi shagonsa. Na yi sallama, ya tsayar da keken ɗinki. Na fara kame-kame irin nawa, ya ce, "Baba Ɗanjuma, zauna. Na san ka. Ai ina ganin wucewarka ta bayan masallaci."

Na zauna na gaya masa duka, har maganar da na hana mahaifiyarsa. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ta rasu shekara shida ke nan. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an raba kayansa ba, wai tafiya ya yi. Da ka gaya mata ya ce ya gaji, da ta san ba dawowa zai yi ba, ta huta."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Nawa na yafe. Nasu ba a hannuna yake ba."

Na zaro littafin Leƙau na farko daga aljihu, don na tafi da shi. Ya karɓa ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce ba su da hoton mahaifinsa ko ɗaya. Ya ɗauki almakashinsa ya yanke sunan da ke sama, ya yanke tulun da ke gefe, ya bar fuskar kaɗai, ya sa a aljihun gaba. Sannan na gaya masa zancenki, da aikin da kika samu, da abin da kike shirin kaiwa.

Ya ce, "Baba, 'ya'yana uku suna makaranta. Babban, kamarmu ɗaya."

Na ce, "Ba za ta kai ba."

Ya ce, "Kai ka faɗa, ko ita?"

Uwani, na san darajar maganata a wurin mutumin nan, ba ta kai ƙwaryar da ta fashe ba. Sai na ce, "Ita ta faɗa." Na ba shi alkawari da bakinki, ba ki sani ba. Na san ban kyauta ba, kuma ki lissafa shi cikin kurakuran idan kin so. Amma yanzu ya rage gare ki: ko ki mai da ubanki mai gaskiya sau ɗaya a gaban gidan nan, ko ki bar shi yadda suka san shi.

Na san abin da za ki ce: to me zan kai musu, ga wata ya kusa ƙarewa? Ɗan kasuwa ba ya karɓe kaya a hannun mutum ya bar shi hannu rabbana. Fuska kike nema, ga tawa. Kin san tumbin, kin san haƙorin Makkan da ba na Makka ba ne, kin san yadda nake rantsuwa ina ƙifta ido, da yadda nake yabon kaya ina taka aibinsa da ƙafa. Mutumin da ya fi kowa wayo a kasuwa kuma kullum shi ake cuta, ai ba za ki rasa labari ba har ki tsufa. Na ba ki da bakina, Innarki shaida ce, ga ta nan tana cewa a ƙara da munsharin. Ki sa mini sunan da kika ga dama. A yi dariya har Nijar, zan iya ɗauka, na ci bashin dariyar mutane da yawa.

Sharaɗi ɗaya ne. Kowane shafi ki bar fuskata a waje, inda za a gan ta. Kuma duk ranar da kika gaji da ni, kada ki zana mini ƙarshe. Ki ajiye alƙalami kawai, ki bar ni a tsakiyar ciniki.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki yi wa gwaggonki biyayya, ki ci abinci kafin ki zauna zane, kada ki bi motar da ba ki san direbanta ba don sauri. Ki gaishe da mutanen gidan baki ɗaya. Allah ya yi miki albarka, ya tsare hannunki daga abin da zai dame ki a gaba, ya tsare bayanki da gabanki, ya dawo mana da ke lafiya. Idan kin goge shi daga wayar, ki kira ni da rana ki gaya mini, zan hau mashin in kai saƙon Roni ta gaban shago.

Wassalam.

Mahaifinki,
Ɗanjuma